Yadda na koyi auna faranti kafin in yanka masa farashi

Na yi shekaru ina sayar da abinci a wani ɗan shago a Kano ba tare da na taɓa zama na lissafa nawa farantin shinkafa ɗaya yake ci mini ba. Nakan sayo buhu a kasuwar Singa, kayan miya kuma a 'Yankaba, in dafa, yarinyar da ke taya ni ta zuba gwargwadon yadda hannunta ya ɗebo, da yamma in ƙirga ciniki in ɗauka an samu riba.

Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, shinkafa da man gyaɗa suka bi sahu, sai na fara rage ludayi a ɓoye, domin ina tsoron ƙarin kuɗi ya kori jama'a. Wani dattijo tela da ya daɗe yana cin abincina ya kira ni gefe ya ce, "Hajiya, idan kaya sun yi tsada ki faɗa mana, amma kada ki bari cikinmu ne zai ba mu labari." Maganar ta tsaya mini a rai ƙwarai, domin gaskiya ya faɗa.

Washegari na ari sikeli, na auna kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa, na dafa, na ga nauyinta ya kusa ninkawa uku, sannan na ƙirga farantan da ta fitar da ludayi guda. A kan kowane faranti na ɗora rabonsa na mai, tattasai, attarugu, albasa, gawayi, ruwan 'yan garuwa da leda, har da ƙanzon da ke maƙale a tukunya wanda ba a sayarwa. A nan na gane cewa nama ne yake cinye ribata, saboda ana sa yanka ba ƙa'ida, babba da ƙarami duk kuɗi ɗaya.

Tun daga lokacin na ware kuɗin nama daban, na sa mahauci ya riƙa yanka shi daidai wa daida, na tsayar da ludayi ɗaya da girman malmalar tuwo, na kuma rubuta farashi a allo a bakin ƙofa. Na fito da rabin faranti saboda ɗalibai da direbobin adaidaita sahu, amma na sa kuɗinsa ya ɗan haura rabi, tunda leda, cokali da wanke-wanke ba sa raguwa don abincin ya ragu.