Na ɗora wa allon Malam laifin faɗuwata

Ƙannena ƴan kwaleji, shekarar da na faɗi BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, ban wahalar da kaina wajen neman dalili ba. Na ce ai ɗan malami ne ni, gidanmu a Garin Malam babu mai jin faransanci, ta ina zan ci? Na yi ta maimaita haka a fada har ni ma na yarda.

A ajinmu akwai wata yarinya Kirista da ba ta sauka daga 15 bisa 20. Na ce su kam boko gadonsu ne. Wanda na ƙi kallo shi ne mai bi mata, ɗan wani alaramma, gidansu ko lantarki babu. Shi in ya gama tilawar asuba sai ya jawo kaye, littafinsa na rubutun boko. Ita kuma uwarta ke tsare ta kowane dare. Addini daban, amma a gidajen biyu akwai lokacin da yaro bai isa ya ce ba zai zauna karatu ba.

Mu ma fa muna da wannan lokacin. Malam kan tashe mu tun kafin assalatu. Ni na je na ce masa aikin lakwal ya yi mini yawa, ya ɗauke mini karatun asuba, na mayar da shi barci, don da dare ina wajen shayi har ƙarfe 1. Wadda ta fi ci mini rai ita ce takardar sakamako. Na kai masa da 8 bisa 20, na ce da kyau, tunda bai san ƙidayar lakwal ba. Ya yi mini addu'a, ya sa hannu da ajami.

Da sakamako ya fito bai yi faɗa ba. Ya ce, "Nawa ake nema?" Na ce, "10, Malam." Ya ce, "Gobe ka fito zaure da littafinka."

Shekarar da na maimaita aji, cikin almajirai na yi ta. Nakan rubuta darasin faransanci a allo, in haddace, in wanke. Hadda ta fisshe ni a tarihi da nahawu. A lissafi kam ba ta yi aiki ba, sai da na zauna ina warwarewa da hannuna. Kuma ban ce wanda ake faransanci a gidansu bai fi ka sauƙi ba. Ya fi ka, musamman a rubutun insha'i.

In iyayenka ba su yi boko ba, zauna ka bayyana musu cewa 10 ce rabi, ƙasa da ita faɗuwa ce, ka nuna musu inda lambar take a takarda. Kada kuma ka roƙi a ɗauke maka karatun asuba. Ni da aka ɗauke mini, shekara guda cur na biya.