Na'urorin Aljihu Uku A Kan Teburina

Shagona yana kusa da Kasuwar Wunti a cikin garin Bauchi, kuma duk da cewa allon ƙofa ya ce gyaran waya muke yi, waɗanda suka san mu sun fi zuwa ne saboda ƙananan na'urorin da sauran masu gyara ba sa son taɓawa, wato ƙaramar kwamfutar hannu da ake kira tablet, da na'urar sauraron sauti irin su iPod da MP3, da kuma na'urar wasan gem ta hannu. Kusan kullum sai an tambaye ni wacce ta fi a cikin ukun nan, ni kuwa ba na amsawa sai na ji abin da mutum zai yi da ita, da aljihun da zai riƙa saka ta, da kuma yawan wutar da unguwarsu take samu.

Ta ƙofar gem na shigo wannan sana'a. Muna yara akwai wata 'yar na'ura ta roba da ake jera tubala a cikinta, wadda aka rubuta wa cewa tana ɗauke da wasanni 9999, alhali wasa ne ƙwaya kaɗan ake ta maimaitawa da sauri daban-daban. Ita na fara kwancewa da bakin wuƙa, kuma ban iya mayar da ita ba. Daga baya, lokacin da nake yaron shago, wani ɗalibi ya kawo wa maigidana na'urar gem ta PSP, wadda kamfanin Sony ya fitar a Japan a ƙarshen 2004, gilashinta mai inci 4.3 ya daina nuna hoto. Maigidana ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya zana hoton na'urar a takarda, duk ƙusar da ya kwance sai ya ajiye ta a daidai gurbinta a kan zanen, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma idan doguwa ta shiga ramin gajeriya tana iya huda abin da ke ƙasa. Da ya iso kan siririyar igiyar da ta haɗa gilashi da inji, sai ya kama hannuna ya ce, "Kada ka taɓa jan ta, akwai ɗan marfi da ya riƙe ta, da farce ake ɗaga shi." Har yau haka nake koya wa yarana, kuma duk wanda ya ja igiyar kafin ya ɗaga marfin, ranar nan shara ce aikinsa.

Na'urar gem ita ce ta fi sauran ƙwari, saboda tun asali an ƙera ta ne don hannun da zai matsa ta awa da awanni. Game Boy ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a 1989 tana aiki da batir huɗu irin na tocila ƙarama, har yanzu akan kawo mini ita tana kunnuwa, abin da kawai take buƙata shi ne a goge tsatsar da batir ya bari. PSP kuwa rauninta yana wurin faifanta na UMD, domin ƙurar hunturu tana shiga ta zauna a kan idon da ke karanta shi, sai ka ji injin yana ta kuka ba tare da wasan ya buɗe ba. Katin ajiyarta ma na musamman ne, Memory Stick Pro Duo, wanda ya yi wuyar samu, don haka muke amfani da wani ɗan gida da ake zura memori na waya a ciki. Switch Lite da ta fito a 2019 da gilashi mai inci 5.5 ta fi su kyan hoto nesa ba kusa ba, amma sandar sarrafa ta tana da ciwon da ya zama sananne, inda ɗan wasan zai riƙa tafiya da kansa ba tare da an taɓa komai ba. A babbar Switch ta 2017 ana zare hannun da ke ɗauke da sandar a gyara shi daban, a ƙaramar kuwa sai an buɗe na'urar gaba ɗaya, kuma ɓangaren dama ya fi wahala domin sai an ɗaga babban injin kafin a kai ga sandar. Wannan aiki ba na barin yaro ya yi shi shi kaɗai.

A nan ne 'yan jabu suka fi ɓata mana suna. Suna kawo na'ura mai siffar PSP sak, da launi da maɓallai, a cikinta kuwa babu komai sai tsofaffin wasanni da aka kwafe, kamar dai 'yar robar nan ta ƙuruciyarmu ce aka sake wa riga. Uba ya saya wa ɗansa a gefen titi, bayan mako biyu maɓalli ya nutse, ya kawo mini, idan na ce babu kayan gyaranta sai ya ɗauka ƙin aiki nake yi. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, sai dai shi ba a gaya masa rariya ce ba.

Tablet ita ce kowa yake so, kuma ita ce ta fi dawowa shago. Samsung ta fitar da Galaxy Tab mai inci 7 a 2010, Nexus 7 da iPad mini mai inci 7.9 suka biyo baya a 2012, kuma wannan girman yana shiga aljihun gefe na kaftani daidai wa daida, abin da ya sa mutanenmu suka karɓe shi. Sai dai aljihun kaftani yana kan cinya ne, da zarar mutum ya cusa kansa cikin Keke Napep aka matse shi, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Ga ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, wanda zai karanta takardun darasi ya kuma kalli bidiyon lacca, babu abin da ya kai ta, kuma ita nake ba shi shawara ya saya. Amma ina duba masa abu biyu da ba a gani daga waje. Na farko shekarun manhajar Android da ke cikinta, domin idan ta tsufa da yawa WhatsApp da YouTube suna daina aiki ko da na'urar tana sheƙi kamar sabuwa. Na biyu irin gilashin, domin akwai tsohon samfuri mai laushi da sai an danna da ƙarfi, akwai kuma mai jin taɓawar yatsa kawai, wanda shi ne na kirki.

Batir kuwa shi ne inda na fi shan wahala da diloli. Akwai wani dila a kudu da ya taɓa aiko mini da kwalin batiran PSP, kowanne an buga masa adadin ƙarfin caji (mAh) mai yawa a jiki, alhali na asali na samfurin farko 1800 mAh ne, na samfuran 2000 da 3000 kuma 1200 mAh. Da na ɗauki ɗaya a hannu na ji shi sakayau, na fasa shi, sai ga ɗan ƙaramin batir a ciki an cike sauran wurin da soso. Tun daga ranar na sayi ƙaramin sikeli, kuma duk batirin da ya shigo shagon nan sai an auna nauyinsa an gwada shi da mita. Haka memori, sai na sa manhajar gwaji ta H2testw ta cika shi na tabbatar abin da aka rubuta a jikinsa shi ne a cikinsa, saboda na jabu yana karɓar kaya kamar gaske, sai an zo buɗewa a tarar rabi ya lalace. Duk da wannan aiki, mai saye zai tsaya ya ce ya ga irinsa da rabin kuɗin a bakin tasha. Zafin watan Maris da Afrilu ma yana taimaka wa jabun wajen tona kansa, domin batir maras kyau yana kumbura har ya ɗaga bayan na'ura, musamman idan an bar ta a cikin mota.

Na'urar sauti mutane suna ganin zamaninta ya wuce, tun da Apple da kansa, wanda ya fara iPod a 2001 da alƙawarin waƙa 1,000 a aljihu, ya daina ƙera ta a 2022. Ni ban yarda ba. Ana gab da azumin bara wani Alhaji ya shigo yana neman tablet mafi tsada domin mahaifinsa ya riƙa sauraron tafsiri. Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba yana gani sosai?" Ya ce idon ya yi rauni. Na ce, "To, gilashin da ake shafawa wahala zai ba shi, a bar shi da abin da yatsa zai lalubo ko cikin duhu." Na ɗauko masa 'yar MP3 mai lasifika da manyan maɓallai, wadda ba ta buƙatar data ko layi, kuma caji ɗaya yana kai ta kwanaki tun da babu babban gilashin da zai sha wuta. Ya ɗan ɓata rai saboda arahar ta yi masa kama da raini, har sai da na jera masa karatun juzu'i bayan juzu'i a memori, na sa lamba a gaban kowane suna don kada na'urar ta hargitsa jerin, na kuma ɗiga ɗan gam a kan maɓallin kunnawa ya bushe ya zama tudu. Bayan salla ya dawo ya karɓi guda biyu domin ƙannen mahaifin nasa.

Masu tsohuwar iPod classic ma suna zuwa daga Azare da Misau, domin faifan da ke juyawa a cikinta, mai ɗaukar har 160GB, yana mutuwa idan ta faɗi. Muna cire shi mu sa memori a madadinsa, ta ƙara sauƙi a hannu, batirin ma ya ƙara jimawa. Buɗe bayanta na ƙarfe ba tare da an lanƙwasa shi ba ne babban gwaji, kuma akwai ɗaya a kan teburina yanzu da babban yarona yake ta kewayawa tun safe yana jiran in ce masa bisimilla.