Kuɗin manyan tayoyi daban, kuɗin abin da suke jawowa daban

Tun da na sa hoton Hilux ɗina da sabbin tayoyi mutane suke ta tambayata nawa na kashe, wasu ma har suna cewa me ya sa ban sa waɗanda suka fi waɗannan girma ba tunda dai na tashi canjawa. To bari in zauna in yi bayanin gaba ɗaya yau, don wallahi abin ya ci min kusan wata biyu ina lissafi kafin in fitar da ko sisi.

Ni dai harkata sayen riɗi da zoɓo ne, daga Kano nake tashi in bi ta Gumel in shiga ƙauyukan Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa, wani lokacin in gangara wajen Haɗeja. Duk wanda ya san yankin nan ya san da ka sauka daga kwalta sai yashi, kuma ba yashin ne kaɗai matsalar ba, hanyar da manyan motoci da amalanke suka riga suka haƙa ce, gefe biyu rami tsakiya tudu, sai ka ji cikin mota ya zauna daram a kan tudun tayoyi suna ta juyawa a banza. Da damina kuma in ka kusanci fadama laka ce. Sau uku a kaka ɗaya sai da muka nemo samarin ƙauye da shebur suka tono mu, na ƙarshen ma da buhuna a baya sai da aka sauke su kaf. Ranar ne na ƙudurta cewa sai na ƙara girman taya.

Tayar da motar ta zo da ita 265/65 R17 ce. Ga wanda bai saba karanta lambar ba, 265 ɗin faɗin tayar ne a milimita, 65 ɗin kuma tsayin gefenta ne wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman rim ne a inci. In ka haɗa, tsayin tayar gaba ɗaya yana kai wa milimita 776. Wadda raina ya kwanta da ita ita ce 285/70 R17, wadda ake ce wa inci 33, ita tsayinta kusan milimita 831 ne. Bambancin milimita 55 kenan, amma fa ga inda mutane da yawa suke ruɗewa, mota ba ta ɗagawa da 55 ɗin, rabi kawai take samu tunda rabin ƙarin yana sama ne, don haka abin da za ka samu tsakanin aksil da ƙasa milimita 27 ne, faɗin yatsa ɗaya da rabi. Ba wai ƙaramin abu ba ne a cikin irin ramukan da nake faɗa, kuma taya ce kaɗai take iya ɗaga aksil na baya daga ƙasa, ko ka ɗaga bodi har sama wannan ƙullutun na tsakiyar aksil yana nan inda yake. Amma dai ya kamata mutum ya san abin da zai saya da kuɗinsa.

Na je wajen bakanikena da wannan magana, dattijo ne da ya daɗe a kan Toyota, ya saurare ni har na gama sannan ya ce, Alhaji kuɗin taya nawa ka ware? Na ce huɗu mana. Ya ce to ka fara da biyar. Gaskiyarsa kuwa, don motar da ake sa mata ogzilari, wato giyar da take sa tayoyi huɗu su ja tare, da zarar ka sa ta gaba da baya suna ɗaure da juna ne dole su juya daidai, in ka yi faci a daji ka ɗaura ƙaramar safaya alhali sauran ukun manya ne to kana wahalar da aksil da giya ne. Kaga tun ba a je ko ina ba kasafin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan safayar Hilux a ƙarƙashin bodi take rataye da sarƙa, wurin ba shi da yalwa sosai, sai an gwada an ga ko babbar za ta shige ba tare da ta matsu da salansa ba.

Daga nan sai ya sa yaronsa ya murza sitiyari har ƙarshe ya nuna min da hannu inda 285 za ta riƙa gogawa, robar madigadi ta ciki, da ƙarfen da bodi yake zaune a kai a bayan tayar gaba. Wato sai an cire roba an yanke wani wuri, wasu har ƙarfen nan suke yankewa a yi walda, ni kuma gaskiya ban son a kai wa ƙashin mota wuta saboda wata rana sayar da ita zan yi kuma mai saye a Kano sai ya leƙa ƙarƙashi. Na ce to in an ɗaga motar fa? Ya ce ɗagawa tana taimakawa in mota tana tsaye, amma in ta faɗa rami sifirin ya matse da kaya a baya tayar tana komawa inda take gogawa ne dai. Kuma ɗagawar ita kanta ba sifirin kawai ba ce, shokozoba huɗu ne masu tsayi, in ka wuce inci biyu a gaba sai ka fara taɓa hannun sama na tayar don alaimen ya daidaitu, ga sandunan shaf na gaba da za su koma aiki a karkace robarsu ta riƙa yagewa da wuri. Wasu kuma don su guje wa gogawa ta ciki sai su canja rim gaba ɗaya zuwa masu turo taya waje, wannan wani kuɗin ne na rim biyar masu rami shida, kuma turo tayar waje yana ƙara wa boris da bol join nauyi.

Ban rubuta farashi a nan ba da gangan, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, kuma duk waɗannan kayan daga waje suke zuwa, farashin da aka faɗa maka yau a Ƙofar Ruwa ba lallai ka same shi a sati mai zuwa ba. Abin da na yi shi ne na mai da taya ta zama ma'auni. Na ɗauki takarda na rubuta kuɗin taya ɗaya, sai kowane abu in tambayi kaina wannan taya nawa ne. Da na gama jerawa, ɗagawa da rim da aikin hannu da alaimen da balansin, sai na ga abubuwan da ke biyo bayan tayoyin sun fi tayoyin kansu tsada. Kuma duk wannan na biya sau ɗaya ne, ban zo kan wanda za ka yi ta biya kullum ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne mai. Motata ta fetur ce mai injin lita 2.7, dama can ba ta da ƙarfin ja irin na masu gas, kuma tanki lita 80 ne. Taya in ta ƙaru da kashi 7 cikin ɗari tamkar ka ƙara wa kowace giya tsawo ne da kashi 7, wato tashi da giya ɗaya zai yi nauyi, kuloci ne zai sha wahalar musamman da buhuna a baya cikin yashi, a kan kwalta kuma inda da kake hawa da giya biyar sai ka koma huɗu. Ga nauyin tayar kanta, irin masu kaurin nan da aka rubuta LT a gaban lambarsu sun fi na asali nauyi sosai, injin sai ya ƙara ƙoƙari ya juya su birki ma sai ya ƙara ƙoƙari ya tsayar da su, takalmin birki zai riƙa cinyewa da wuri. Maganin nauyin giyar nan na gaskiya shi ne a canja haƙoran cikin aksil, kuma ba na baya kaɗai ba, gaba da baya dole su zama iri ɗaya, wannan aikin kuwa ba kowane gareji zan yarda ya buɗe min ba.

Wani abokin kasuwancina ya riga ni sa 285 ɗin a tashi motar kuma ta yi kyau matuƙa ba ƙarya, amma ya zo yana min ƙorafin mai ya tashi fiye da tunaninsa. Da muka zauna sai na nuna masa cewa wani ɓangaren ƙorafin mitarsa ce take ruɗa shi, saboda mita tana ƙirga juyawar taya ne, babbar taya kuma juyi ɗaya ya fi nisa, don haka in mita ta nuna ya yi kilomita 100 a zahiri 107 ya yi. Haka gudu ma, allura tana kan 100 shi yana kusa da 107, wannan kuma ba abin wasa ba ne a hanyar Gumel da dabbobi suke tsallakawa ba sallama. Haka juyen baƙin mai, in yana jira mita ta cika 5,000 to ya riga ya wuce da 350. Ko bayan mun gyara lissafin dai man ya ƙaru, kawai bai kai yadda ya zata ba.

A ƙarshe 265/70 R17 na saya, mataki ɗaya kawai sama da ta asali. Tsayinta milimita 803, ƙarin kashi 3 da ɗan wani abu, aksil ya ɗaga da milimita 13. Ta hau rim ɗina na asali, ba a yanke ƙarfe ba, ba a ɗaga mota ba, safaya ta shige wurinta. Na ɗauki masu zanen AT, wato na kwalta da daji, ban ɗauki masu manyan haƙora na MT ba duk da su suka fi ɗaukar ido, saboda su na laka ne, a kwalta ƙara gare su kuma a yashi haƙa suke yi ƙasa, ni kuma yawancin tafiyata kwalta ce da yashi.

Sabbi na saya, kuma a nan ina roƙon duk mai karantawa, in kuɗinka bai kai manya sabbi ba gara ka sayi daidai girmanka sabbi da ka sayi manya na hannu. Zafin kwaltar watan Afrilu da lodi ba sa barin tsohuwar roba. Ko sabuwar ce ka duƙa ka nemi inda aka rubuta DOT a jikinta, lambobi huɗun ƙarshe su ne sati da shekarar da aka yi ta, misali 2324 sati na 23 ne a 2024, na duba duka biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗaura don akwai wadda ba ta taɓa hawa titi ba amma ta shekara da shekaru a sito. Ka duba lambar nauyi ma, ta asali 112 ce wato kilo 1,120 kowace taya, kar ka yarda a ba ka ƙasa da haka in kana ɗaukar kaya.

Ragowar kuɗin da na ware sai na canja shokozoba huɗu da suka riga suka gaji, bushin na sifirin ɗin baya, aka yi alaimen, na sayi jak mai tsayi da wani faffaɗan katako da zan ɗora shi a kai don kar ya nutse, shebur, igiyar ja, sai ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin mota da geji nasa. Wannan famfon shi ne mafi arha a duk jerin kuma shi ya fi canja min tafiya. Da can ina shiga yashi da iskar kwalta, har ma fiye, don masu faci da yawa in ba ka tsaya a kansu ba sai su ɗura maka 40 ko 45 a gejin iska alhali abin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. Yanzu da na sauka daga kwalta sai in tsaya in rage zuwa 18 ko 20, tayar ta baje ta yi tsawo a ƙasa ta riƙa hawa kan yashin maimakon ta haƙa, in akwai lodi mai nauyi ba na sauka har can, kuma ba gudu ba juya sitiyari da ƙarfi don kar taya ta fita daga rim. Da na dawo bakin kwalta in sake cikawa kafin in hau, yana ɗaukar lokaci kam amma a nan nake yin sallah in sha ruwa.

Maman yara ita ce take riƙe min littafin kuɗin mota, ta ware shafi guda ta rubuta kuloci da birki a sama, duk tafiyar da na dawo sai ta karɓi wani abu ta sa a ciki. Bakanikena ya ce kulocin zai iya kai ni ƙarshen kakar bana in ban cika lodi ba, don haka shi ne na gaba a layi, sannan takalmin birki na gaba.