Aikin hoto a sashen likitancin nukiliya: inda na yi tuntuɓe

Ƙannena da ke shirin rubuta JAMB, da waɗanda suka riga suka shiga jami'a, kun sha tare ni da tambaya a kan aikin nan, ni kuma ina ba ku amsa a tsaitsaye. Yau zan ba da ita a zaune.

A fara da sanin aikin kansa. A hoton ƙirji da kowa ya sani, na'ura ce ke harbo tiriri, wato rediyeshan, ya ratsa jikin mutum. A sashenmu abin a juye yake. Maganin da ke fitar da tiriri ake sa wa majiyyaci, galibi ta allura a jijiya, wani lokaci ya haɗiya ko ya shaƙa. Maganin ya bi jini ya je ya taru a ƙashi, ko ƙoda, ko zuciya, ko maƙogwaro, kyamarar gama, mai ɗaukar irin wannan tiririn da ake kira gama, ita kuma ta tsaya tana karɓar abin da ke fitowa daga jikin. Shi ya sa hotonmu yake nuna yadda gaɓa ke aiki, har a gane ciwon daji ya kama ƙashi tun kafin hoton da aka saba ya nuna komai. Likita ne ke karanta hoton ya rubuta sakamako. Wanda ke gwada lafiyar kyamara da sassafe, ya haɗa magani, ya auna shi, ya kwantar da majiyyaci, ya ɗauki hoton, ya adana sharar da ta rage, shi ne ma'aikacin da nake magana a kansa.

Tun daga ƙofar shiga na ɓata. Na taso ina jin labarin cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ƙaramar tukunyarta ta nukiliya ta fara aiki a 2004, sai na yanke wa kaina hukunci cewa duk abin da ya shafi nukiliya ta fiziks ake shigarsa. Ban tambayi kowa ba. Na karanta fiziks, na yi hidimar ƙasa, na ɗauki takarduna na nufi asibiti, a can ne wani dattijon ma'aikaci ya duba su ya ce, "Yaro, karatunka ya yi kyau, amma da wannan ba mai barinka ka taɓa majiyyaci." Gaskiya ya faɗa. Fiziks yana kai mutum ga wani aikin dabam, na masanin fiziks na asibiti, shi ma sai an ƙara digiri na biyu da horo. Mai son aikin da nake yi a Najeriya, hanyarsa ita ce digirin rediyogirafi, wato karatun ɗaukar hoton asibiti, na shekara 5, da horon aiki na shekara 1 a asibiti, da rajista da RRBN, hukumar da ke ba ma'aikatan hoto lasisi, wadda aka kafa a 1987, sannan horo na musamman a sashen nukiliya. Ana buƙatar kiredit a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Ba sai ka je kudu ba ma, ana koyar da shi a Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Ni dai sai da na koma aji na zauna da sa'o'in ƙannena, abokaina na ta aure ina ta neman kuɗin handawut. Kafin ka cike fom, tabbatar hukumar ta amince da kwas ɗin a makarantar da ka zaɓa, domin digirin da ba zai kai ka ga lasisi ba wahala ce kawai.

Abin da ya fi ba ni kashi bayan na shiga aikin shi ne lokaci. Maganin da muka fi amfani da shi, teknishiyam-99m, ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan awa 6. Abin da ka auna ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe biyu na rana ya koma rabi, gobe war haka kuwa kashi 1 cikin 16 ne ya rage. Daga wata tukunya mai nauyi da aka lulluɓe da dalma muke tatso shi, wadda muke kira janareta. A cikinta akwai molibdinam-99, shi kuma yana raguwa da rabi duk bayan awa 66. Ƙasashe ƙalilan ne ke da tukwanen nukiliyar da ke samar da shi, irin su Holan, Beljiyam, Ostireliya da Afirka ta Kudu, don haka ta jirgi yake zuwa mana, kuma tun yana sama yake ramewa. In takardu suka riƙe shi kwana uku a filin jirgi, fiye da rabin kuɗin asibiti ya tafi a iska. Sana'ar mai sayar da ƙanƙara ce a watan Afrilu: ko an saya ko ba a saya ba, hajar tana narkewa.

Na san duk wannan a takarda, na kuma ci jarrabawa a kansa. Amma wata rana na ja allurar wata mata da safe na ajiye, motar da ta ɗauko ta daga garinsu ta lalace a hanya, ba ta iso ba sai bayan azahar. Gajiya da yunwa suka sa na ɗauki sirinjin aka yi mata allurar ba tare da na sake mayar da shi cikin ma'auni ba, na kuma rubuta adadin safe a katinta. Hoton ya fito dishi-dishi, ɗigo-ɗigo. Shugabar sashenmu ta kalle shi, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, ƙarfe nawa ka auna wannan?" Na yi shiru. Ta ce, "Da ka faɗa, da mun ƙara lokacin ɗauka ya wadatar. Yanzu ka sa mun rasa abin da za mu gaskata, katin ko hoton." Sai da aka sake kiran matar wata rana, ta sake biyan kuɗin mota, ta sake karɓar tiririn da bai kamata ta karɓa sau biyu ba. Rashin awon ya yi ɓarna, amma rubuta abin da ban auna ba shi ya fi muni. A sashen nan duk lambar da ka rubuta sai ka haɗa ta da lokacin da ka gan ta. Wanda ya san yana gudun lissafi tun a makaranta, ya gyara tun yanzu, domin kullum sai ya yi shi, wani lokaci majiyyaci na zaune yana kallonsa.

Sai maganar kare kai. Da milisibat ake auna yawan tiririn da jiki ya sha. Ƙa'idar duniya ita ce ma'aikaci kada ya wuce milisibat 20 a shekara in aka yi matsakaicin shekara 5, sauran jama'a kuma milisibat 1. A Najeriya NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya, ita ce ke sa ido. Kowane ma'aikaci yana da ɗan bajon da yake maƙalawa a ƙirji, ana karɓarsa lokaci-lokaci a karanta yawan tiririn da ya sha. Ni a farko kunya nake ji a ga ina ja da baya daga majiyyacin da aka yi wa allura, kada ya ce ina ƙyamarsa. Sai in tsaya dab da gado ana hira, bajon kuma sau da yawa yana jikin rigar da na rataye a ofis. Wauta ce. Abu uku ne ke kare mutum: rage lokacin da yake kusa, ƙara nisa, da sa dalma a tsakani. In ka ninka nisanka, abin da ke isowa gare ka ya koma kashi 1 cikin 4. Taku biyu baya bai hana ka yi wa dattijo sannu ba. Mata kuma su sani aure ko haihuwa ba ya hana aikin, abin da ake so shi ne mai ciki ta sanar da wuri a canja mata wurin tsayuwa.

Wani abu da ba a koya mana a aji ba, kuma a ganina shi ne rabin aikin, shi ne magana da majiyyaci cikin harshen da yake ji. A hoton ƙashi, bayan allura mutum yana jiran awa 2 zuwa 3, yana shan ruwa da yawa, sannan ya yi fitsari kafin ya hau gado, domin ta fitsari ragowar maganin ke fita. Wani dattijo na ce masa kawai, "Baba, a je a kama ruwa a dawo." Ya je ya dawo. A hoton sai ga tabo mai haske a kan cinyarsa, daidai inda ake tsoron ciwon ya bazu. Ɗansa da ke tsaye ya ga fuskata ta canja, shi ma tasa ta canja. Ashe ɗigon fitsari ne a wando. Aka canja masa tufa, aka goge wurin, aka sake ɗauka, tabon ya ɓace. Da na yi masa bayani dalla-dalla tun farko, da ban jefa iyalinsa cikin fargabar banza ba. Haka nan ƙarfe yana tare tiriri ya bar gurbi a hoto, don haka sai ka bi a hankali ka roƙi a cire makulli, tsabar kuɗi, bel, sarƙa, har da laya ko guru in akwai. Yadda za ka roƙi dattijo ya cire abin da bai taɓa rabuwa da shi ba, ba tare da ka muzanta shi ba, wannan sai ka koya daga manyanka.

Tambayar ciki ta fi wannan nauyi. Na taɓa tambayar wata amarya a gaban uwar mijinta ko tana da juna biyu, ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Allah ya taimake ni wata nas ta ja ta gefe, ta tambaye ta rabonta da al'ada, aka yi gwaji, ashe akwai. Kowa ya san yadda ake ɓoye cikin fari a wurinmu, ni ne dai na manta da hakan don na sa farar riga. Tun daga nan ba na yin tambayar sai a keɓe, kuma in da hali mace ce ke yi. Haka batun shayarwa. Haka azumi: mai hoton ƙashi dole ya sha ruwa, saboda haka a watan Ramadan tun ranar ba shi lokaci ake gaya masa, ba sai ya zo ba.

Wanda aka ba ayodin-131 don ciwon tairod, wato ƙullun da ke gaban maƙogwaro, kuwa, nasa bayanin ya fi tsawo, domin wannan sai bayan kwana 8 yake raguwa da rabi, kuma yana fita ta fitsari da miyau da gumi. Takardar da ake ba shi an rubuta ta ne don mai ɗakinsa shi kaɗai da banɗakinsa. Namu majiyyacin gidan yawa zai koma, inda ake cin tuwo kwano ɗaya, ana shan ruwa da moɗa ɗaya, yara na hawa cinya, 'yan dubiya na cika ɗaki. Dole ka zauna da shi ku bi gidan ɗaki-ɗaki: ina zai kwana, wa zai riƙe jariri, wace buta ce tasa. Mai shayarwa kuwa yaye ya kama ta gaba ɗaya. Wanda bai iya wannan zaman ba, ko ya fi kowa iya kwamfuta, aikinsa bai cika ba.

Game da samun gurbi, ba zan yi muku romon baka ba. Wuraren kaɗan ne. A asibitocin gwamnati waɗanda aka fi sani su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda sashensa ya buɗe a 2006 da tallafin IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya mai hedikwata a Biyana, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A Nijar akwai sashen a cibiyar IRI ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, a Gana kuma akwai a asibitin Korle Bu na Akara. Da na samu shiga, sai na yi watsi da sauran aikin hoto, ina ganin na wuce nan. Ranar da janareta bai zo ba, ko kyamara ta tsaya ana jiran injiniya, sai in zauna ina hamma, abokan aikina na can suna aikin CT, hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka. Daga baya na gane sabbin na'urori haɗe suke zuwa, SPECT da CT, ko PET da CT (SPECT da PET nau'o'in hoton nukiliya ne), kuma duk mai ɗaukar ma'aikaci yanzu yana tambaya ko ka iya duka biyun. Na koma ina roƙon a koya mini abin da na raina. Ku riƙe hannunku a CT. PET kuwa, maganinta fulorin-18 yana raguwa da rabi cikin minti 110, don haka sai inda akwai injin da ke ƙera shi a kusa, shi ya sa ba ta yawaita a yankinmu ba tukuna.

Akwai kuma littafin aiki. Ban riƙe shi ba, ina ganin ɓata lokaci ne. Da damar neman horo a waje ta zo, fom ɗin ya tambayi nawa ka yi na ƙashi, nawa na ƙoda, nawa na zuciya, wa ya sa maka hannu. Na koma ina tonon tsofaffin rajistoci, wasu ma ruwa ya ci su, wanda ya horar da ni kuma ya yi ritaya. Kowace ƙasa da nata sharaɗin: a Amurka sai ka ci jarrabawar hukumar NMTCB ko ta ARRT, a Afirka ta Kudu sai rajista da HPCSA, hukumar ma'aikatan lafiya ta ƙasar, a Saudiyya sai an tantance takardunka tun daga makarantar da ta ba ka su. Dukansu shaidar aikin hannu suke nema. Sayi littafi mai kauri tun ranar farko ta horon aiki, ka rubuta kwanan wata, irin hoton, maganin da adadinsa, ban da sunan majiyyaci, shugabanka ya sa hannu duk ƙarshen mako. Lasisinka kuma ka sabunta shi kowace shekara, ka adana rasit.

In har yanzu kana aji biyar ko shida, nemi wani ma'aikacin hoto a babban asibitin da ya fi kusa da kai, ka roƙi ya bar ka ka wuni kana kallo. In kana jami'a, tun kafin ka gama ka rubuta takardar neman a tura ka sashen nukiliya ko na mako kaɗan ne, ka kuma je da sassafe, lokacin da ake tatsar janareta da gwada kyamara, domin kafin hantsi an gama wannan ɓangaren.