Hanyar da doki ba ya bi

Bayan sallar asuba muka bar Unguwar Rogo ni da ƙanena, hazo ya rufe gari, sanyin Jos yana ratsa ƙashi. Muka yi gabas, tafiyar kamar kilomita 10, muna wuce Lamingo sai ga duwatsun Shere. Wani dattijo Bajare, cikin mutanen da ke kiran kansu Afizere, shi ya shige mana gaba.

Da farko hanyar ba wuya, gonakin acca ne da shingen kyarana. Can sai ta tsuke ta kutsa tsakanin wasu duwatsu biyu, dole mutum ya karkace kafin ya wuce. Na ce, "Baba, ga sarari can, me ya sa ba a bi ta nan ba?"

Ya tsaya ya dafa dutsen. "Ɗana, sarari ai na mai doki ne."

Nan na gane. Ba don shan iska aka fitar da wannan turba ba. A zamanin da mahaya ke kawo hari daga ƙasar Bauchi suna kama bayi, nan kakanninsa ke haurawa da mata da yara da hatsi. Duk inda ta murɗe, da dalili. Dutsen da na dafa ya yi sulɓi saboda hannayen da suka riga ni, kuma wallahi jikina ya yi sanyi, don da harshena maharan nan ke magana.

Sauran hawan haki ne da rarrafe. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, ba inda ya fi ta tsawo a kewayen Jos. Daga sama muka hango tafkunan da haƙar kuza ta bari suna walƙiya. Kuzar ce ta kawo kakanmu daga Kano, a ƙaramin jirgin ƙasan da ke tasowa daga Zariya, wanda layinsa ya kai Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Muna yara ana ba mu labarin wannan jirgi, amma ba wanda ya taɓa ba mu labarin turbar nan.

Da za mu sauko ƙanena ya nufi sararin. Na kira shi, muka koma ta matsatsin, Baba na gaba.