Da Batu bai juya ba a 1242: yadda Turai za ta iya tsayawa

A watan Afrilun 1241 Mongoliyawa sun ci yaƙi biyu cikin kwana uku. Ranar 9 ga wata suka murƙushe rundunar Henry na Biyu a Legnica da ke Poland, shi kansa aka kashe shi. Ranar 11 jagororin Mongoliyawa Batu da Subutai suka tarwatsa dakarun Sarki Bela na Huɗu a Mohi, bakin kogin Sajo a Hungary. A Disamba babban sarkin Mongoliyawa Ogedei ya mutu, kuma a farkon 1242 suka juya gabas. To, mu ƙaddara Ogedei ya ƙara shekara biyar a duniya, Batu kuma ya sami umarnin nausawa Jamus da Italiya. Me zai tsayar da shi?

Fito-na-fito a fili dai ba zai yi ba, Mohi ta isa shaida. Bela ya kewaye sansaninsa da kekunan kaya ɗaure da sarƙa, sai wurin ya zame wa mutanensa kurkuku. Mongoliyawa suka kori masu gadin gada da majaujawa, wato na'urar jifa da manyan duwatsu, Subutai ya ƙetare kogin ta wani gefe ya ɓullo musu ta baya, daga nan aka bar musu ƙofar rago. Da suka kwasa a guje, aka bi su ana kashewa a hanya. Barde mai sulke yana da amfani in abokin gaba ya tsaya a yi arangama, amma waɗannan sai su yi kamar sun gudu, su janyo shi har dokinsa ya gaji, kana su juyo da ruwan kibau.

Raunin Mongoliyawa yana cikin dawakinsu. Kowane mahayi yana tafe da doki uku zuwa biyar, kuma kiwo suka dogara da shi, ba hatsin da aka ɗauko ba. A ɗauka mahaya 40,000 ne, kowanne da doki biyar, wato doki 200,000. In kowane doki zai ci kilo 7 na busasshiyar ciyawa a yini, ana bukatar tan 1,400 kullum, ban da ruwa. Masanin tarihi Denis Sinor ya kafa hujja cewa makiyayar filin Hungary ba za ta daɗe tana ɗaukar irin wannan garke ba. Binciken da Ulf Büntgen da Nicola Di Cosmo suka fitar a 2016 kan zoben kututturan itatuwa ya nuna sanyi da jiƙa sun yi yawa a farkon 1242, abin da ke mai da filin fadama. Yamma da Hungary kuwa daji ne da duwatsu da ƙananan gonaki, babu shimfiɗaɗɗiyar makiyaya irin wadda suka saba da ita.

Don haka dabarar da za ta yi aiki ita ce ɓata musu lokaci. An ga alamarta tun a hunturun 1241 zuwa 1242, da kogin Danube ya daskare Mongoliyawa suka tsallaka. Sun ƙone garin Esztergom, amma ganuwar dutse da ke kan tudu ta gagare su, domin kwamandanta Simon, mutumin Sifaniya, ya jera maharba masu baka mai kunama, wato bakan da ake ɗanawa a kan ƙota a harba kamar bindiga. Fadamar da ta kewaye Szekesfehervar ta hana su cin garin. Gidan ibadar Pannonhalma ya tsira, haka ma Klis a Dalmatiya lokacin da kwamandan Mongoliyawa Kadan ke farautar Bela. Wuraren da suka faɗi galibi masu katangar ƙasa da itace ne a fili, waɗanda wuta da majaujawa ke gamawa da su cikin 'yan kwanaki.

Ga abin da mai mulkin Austriya ko Bohemiya zai yi da watannin da yake da su. Hatsi da dabbobi su shige bayan katangar dutse kafin hunturu, harawar da ba a iya kwashewa a cinna mata wuta. Kowace ganuwa ta sami rijiya a ciki, don wadda ke ɗiban ruwa a waje ba ta jure ƙawanya. Baka mai kunama yana da jinkirin ɗanawa, a fili mai shi zai mutu kafin ya sake harbi, amma a bayan katanga jinkirin ba ya cutarwa, kuma kibiyarsa tana huda sulke. Barade a ajiye su don farmakin 'yan neman ciyawa da tsare mashigin duwatsu, da doka mai tsanani cewa ba a bin wanda ya juya baya. A gaskiya talaka ne zai sha wuyar wannan shiri, domin ganuwa ba ta ɗaukar kowa, kuma gonar da aka ƙone yunwa ce ta baɗi.

Ban yarda dutse kaɗai ya isa ba. Ganuwar Alamut da ke Iran ta faɗi a hannun Mongoliyawa a 1256, Bagadaza a 1258, Xiangyang ta Sin kuma a 1273 bayan ƙawanyar shekara biyar, da manyan majaujawan da injiniyoyi Musulmi suka ƙera. In Mongoliyawa sun sami mazauni da haraji da 'yan ƙasa masu ba su dakarun ƙasa, ganuwa za ta faɗi ɗaya bayan ɗaya. Nan ne haɗarin yake, don kan Turawa a rabe yake. Sarkin sarakuna Frederick na Biyu yana yaƙi da Fafaroma Gregory na Tara, wanda ya mutu a Agustan 1241, wanda ya gaje shi ma bai yi wata guda ba, kujerar ta zauna babu kowa har Yunin 1243. Wani Frederick ɗin kuwa, mai mulkin Austriya, da Bela ya je wurinsa neman mafaka, sai ya tatse shi ya karɓe masa gundumomi uku. Sarki ɗaya ya miƙa wuya ya buɗe hanya, shirin duka ya rushe.

Duk da haka an gwada dabarar a zahiri. Bela ya shafe sauran mulkinsa yana gina ganuwoyin dutse, ya dawo da mahayan ƙabilar Kuman da suka fice daga ƙasar bayan kashe shugabansu Koten a 1241. Da jagororin Mongoliyawa Nogai da Talabuga suka shigo Hungary a 1285, ba su ci manyan ganuwoyi ba, yunwa da sanyi suka cinye rundunar Talabuga a duwatsun Karpatiya. A Poland ma, a 1287, Krakow da Sandomierz sun tsaya.