Yadda na karɓo kuɗin ajiyata da na tashi daga gidan haya

Gidan haya na farko da na bari, kusan rabin kuɗin ajiyata, wato kuɗin da ake bai wa mai gida ya riƙe lokacin kama haya saboda ko za a yi ɓarna, shi ne ya salwanta. Na kwashe kaya, na yi shara sama-sama, na bar makulli a hannun maƙwabci, na kama gabana. Bayan mako uku sai ga saƙo daga mai gida: ya cire kuɗin fenti, da na wankin kicin, da na gilashin taga. Wallahi tagar nan a tsage na same ta tun ranar da na tare. Na kira shi na faɗa masa, ya ce shi dai bai tuna ba. Ni kuma ba ni da abin nunawa sai rantsuwa.

Wannan ƙunar ce ta sa da na kama gida na biyu, kafin in shigar da ko tabarma, na bi ɗaki-ɗaki da waya ina ɗaukar hoto. Tabon ruwa a silin, tayil ɗaya da ya fashe a banɗaki, soket da ya yi baƙi, lambar mitar wuta da ta ruwa, duk na ɗauka. Na tura wa wakilin mai gida ta imel a ranar, ya amsa da kalma biyu: "An gani." Shekara uku saƙon nan yana kwance, har na manta da shi.

Da lokacin tashi ya ƙarato, abin da na fara yi shi ne zaro takardar yarjejeniya na karanta ta a nutse, abin da ban yi ba ranar da na sa mata hannu. A ciki na ga sai na ba da sanarwar wata guda a rubuce, kuma dole in toshe duk ramin ƙusar da na yi a bango. Da a baki na sanar, da an samu ƙofar cire min hayar wata ɗaya cur.

Na kuma bincika abin da doka ta ce a inda nake, domin dokar ajiya ta sha bamban daga wuri zuwa wuri. A Ingila, alal misali, dole mai gida ya saka kuɗin a wani tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, kuma tun 2019 ba a yarda yawancin masu gida su karɓi fiye da hayar mako biyar a matsayin ajiya ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, kwana 21 aka ba mai gida ya maido da kuɗin tare da lissafin duk abin da ya cire. Sanin wa'adin da ya shafe ka yana sauya yadda kake magana da mutum.

Mako biyu kafin tashi na roƙi wakilin ya leƙo mu zagaya tare, ya nuna min abin da bai gamsu da shi ba tun da sauran lokacin gyara. Ya ɗan yi nawa, amma ya zo. Ya nuna ramukan ƙusa, da maiƙon da ya daskare a bango bayan murhu, da gansakuka a kusurwar banɗaki, da ƙofar ɗakin yara. Ƙofar nan ba ni da bakin magana a kanta. Yarona ne ya buga mata keke har katakon ya ɓurma. Na ce masa laifinmu ne, a cire.

Sauran kuwa da hannuna na yi su. Ramukan na cike da abin toshe bango, na goge da ya bushe. A nan na yi kuskure: na sayo farin fenti na shafa a kan wurare biyu, ashe fari ma iri-iri ne, sai bangon ya fito da dabbare-dabbare. Dole na koma na tambayi wakilin ainihin launin da suka yi amfani da shi, na shafe bangon gaba ɗaya. Da tun farko na tambaya, da na huta da aikin yini guda. Wanki kuma sai bayan an fitar da kaya ake sanin girmansa. Ƙarƙashin firji da saman kabad, kada Allah ya nuna wa baƙo.

Ranar duba gida na zo da wuri, gida wayam, hasken rana ya cika ɗakuna. Na sake ɗaukar hotuna daga kusurwoyin da na ɗauki na farko, na haɗa da bidiyo ina buɗe famfo ina kunna fitilu.

Wakilin ya shigo da takardarsa. Da ya kai banɗaki ya tsaya a kan tayil ɗin nan.

"Malam, wannan fa a kanka yake."

"Yallaɓai, duba wannan tukuna," na ce, na miƙa masa waya. Ga hoton, ga kwanan wata, ga amsarsa a ƙasa. Ya yi murmushi ya soke layin. Gani ya kori ji.

Inda muka ja daga sosai shi ne kafet ɗin falo. Ya ce ya koɗe a bakin ƙofa, sai an sa sabo, kuma ni zan biya. Na ce a'a. Akwai bambanci tsakanin ɓarna da tsufa. Ƙuna ta dutsen guga ɓarna ce, yagewa ɓarna ce, amma koɗewar inda ƙafa ke bi kullum aikin yau da gobe ne, kuma kuɗin hayar da na shekara uku ina biya shi ke ɗaukar nauyin wannan. Ko da ma ni na lalata shi, kafet ɗin da na tarar ya riga ya sha jiki, ba adalci ba ne in biya kuɗin sabo. Ban ɗaga murya ba, na dai ce ya rubuta cewa ban amince da wannan layin ba kafin in sa hannu. Ya rubuta. Na ɗauki hoton takardar, muka karanta mita tare, na ƙirga masa makullai huɗu a tafin hannu, ya ba ni shaidar karɓa.

Kwana goma shiru. Na tura saƙo mai ladabi, na ambaci ranar da wa'adi zai cika, na nemi rasit na duk abin da za a cire. Washegari kuɗin suka shigo. An cire na ƙofa kaɗai, ga rasit ɗin kafinta a maƙale, maganar kafet kuma ba wanda ya sake tayar da ita.